Gwiwar Malam Tukur

Likitan da ya yanke wa Malam Tukur ƙafar hagu ya bar masa gwiwa, kuma tun a bakin ɗakin tiyata ya yi wa 'yarsa Hasiya bayani. Ya ce, "Ciwon suga ya ci ƙafar, amma na tsaya taƙi guda ƙasa da gwiwa. Ku riƙe min ita da kyau. Mai gwiwa, in an sa masa ƙafar roba, zai yi tafiyarsa, zai koma sana'arsa. In ta tafi, a shekarunsa da ciwon da ke jikinsa, sai dai kujera." Hasiya ta ce ta ji. Ai ta fi kowa sanin haka, tunda aikinta ke nan.

Malam Tukur tela ne a kasuwar Boɗinga, shekara arba'in da wani abu yana taka keke a rumfa guda. Mutum ne marar yawan magana, mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda in ya ga zare ya fito a wuyan rigar baƙo sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Hasiya ce 'yarsa ta fari, a gidansu kuwa, kamar gidaje da yawa na can, ɗan fari abin kunya ne. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallon tsabar idonta ba. In yana da magana da ita, sai ya juya wajen ƙanwarsa Goggo Basira, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ya ce, "Ki ce ma waccan..." alhali waccan ɗin tana durƙushe a gabansa tana jin komai. Wanda bai san al'adar ba sai ya ɗauka ƙi ne. Wallahi ba ƙi ba ne. Shi ya tsaya mata har ta gama jami'a, dangi na ta surutu, kuma ranar da ta gama ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Goggo ta ce kuka ya yi.

Hasiya injiniya ce a jami'a a Sakkwato, a sashen da ke bincike kan kayan asibiti, tun daga almakashin tiyata har zuwa gadon jarirai. Mutanen Boɗinga dai likita suke ce mata, ta gyara ta gyara har ta gaji ta bar su. Abin da ta sa a gaba shi ne ƙoƙon ƙafar roba, wato wurin da dungulmin mutum ke shiga ya zauna. Ƙafa ba ta da wuyar yi, in ji ta, ƙoƙon ne jidali. Waɗanda ake kawowa daga waje don ƙasar sanyi aka yi su. A sa wa manomi a bazarar Sakkwato, kafin azahar gumi ya cika shi, fata ta jiƙe ta saɓule. Shi ya sa za ka shiga ɗaki ka ga ƙafar roba a rataye a bango, mai ita kuwa ya koma ga sandarsa.

Nata ƙoƙon yana da ƙofofin shan iska. Ta kuma shimfiɗa masa wasu 'yan na'urori a ciki, sirara kamar ɓawon albasa, masu auna yadda nauyin mutum ke danna fata. Wadda ta fi ji da ita ita ce ta can ƙasan ƙoƙon, daidai inda ƙarshen ƙashi ke sauka, domin nan gyambo ya fi son fitowa. Duk wata sai ta jona ƙafar da kwamfuta ta karanta abin da na'urorin suka tara.

Mutum goma sha biyu aka sa wa ƙafar gwaji, daga garuruwan Boɗinga da Shagari, kuma babanta ne na farko. Wata biyu bayan an sa masa ya koma rumfa. Ranar da Hasiya ta wuce ta kasuwa ta jiyo ƙarar kekensa, sai da ta laɓe bayan wata rumfar ta share ido.

Ƙa'idar binciken a rubuce take, ita da kanta ta rubuta. Duk wata a cire ƙafa, a karanta na'ura, sannan a dubi fatar dungulmi da ido, a taɓa ta da hannu. Mutum goma sha ɗaya tana yi musu haka. Babanta kuwa, ina za ta iya? A ce 'yar fari ta ɗage wa ubanta wando? Sai ta damƙa shi ga abokin aikinta Ismail, mai gashin ƙashi. Wata uku Ismail yana zuwa yana dubawa, daga nan aka tura shi ƙarin karatu kudu, ba a kawo wani ba.

To ga yadda abin ya koma. In ta zo gida, Malam Tukur ya shiga ɗaki ya saki labule. Can sai Goggo ta fito da ƙafar naɗe a zane, Hasiya ta zauna a gindin dalbejiya ta jona ta da kwamfuta. In ta gama sai ta ce, "Goggo, ki tambaye shi fatar." Goggo ta tsaya bakin labule ta ce, "Yaya, wai fatar fa?" Daga ciki a ce, "Lahiya lau, alhamdu lillahi." Hasiya ta sa alama a fom, a gurbin da aka rubuta fata lafiya. Wata biyar tana wannan. Kai jama'a, mace mai digiri uku, ta kama "lafiya lau" ɗin Bahaushe ta rubuta a takardar bincike. Bahaushen da ko ranga-ranga aka ɗauko shi, in ka ce yaya jiki zai ce maka da sauƙi.

Abin da ya ƙara rufe mata ido shi ne na'urar. Daga wata na huɗu, matsin da ke ƙarshen ƙashin babanta ya sauka ƙasa sosai. Bayan nan sai na wasu mutum huɗu shi ma ya sauka. Ta yi murna ba kaɗan ba. Ta ɗauka dungulmi ne ya saba da ƙoƙo, nauyi ya bazu yadda ta tsara. Shugaban sashensu ya ga zanen, ya cire tabarau ya mayar, ya ce wasu manya za su zo gani bayan sallah, in abin ya tabbata a fara ƙerawa da yawa. Ta ba Goggo labari a tsakar gida da ƙarfi, don wanda ke bayan labule ya ji.

Kowa a cikin mutanen nan ya san ranar zuwanta, don haka kullum a shirye take samunsu, ƙafa a cire a goge. Sai wata Talata a tsakiyar bazara aka ce motar sashe ranar kaɗai za ta samu, ta tafi Shagari kwana biyu kafin ranarta. Wanda za ta fara gani a can Maniru ne, manomin albasa ɗan kimanin shekara arba'in, wanda mota ta ci masa ƙafa. Ba ta same shi a gida ba, aka nuna mata bayan gari. Yana zaune a inuwar rumfar kara, buhuna kewaye da shi, yana tsince albasar da ta fara ruɓa.

Da ya gan ta sai ya diririce. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida. Sannan ya jawo sanda ya ce, "Likita, bari in shiga gari in ciro miki ita."

"Ciro ta nan, Malam Maniru. Rana ta yi, ina da sauran mutum biyu."

"Ai da datti ga jikina."

"Na saba da datti."

Da ya ga ba mafita, ya kwance maɗauri ya zare ƙafar, yana ƙoƙarin rufe bakin ƙoƙon da tafin hannu. Bai yi nasara ba. Wani abu ya faɗo cikin ɓawon albasa, Hasiya ta riga shi ɗauka.

Ɗan zobe ne na shuɗiyar shadda, faɗin tafin hannu, an cusa masa auduga tam, da rami a tsakiya. Ta juya shi. An ninke bakin yadin sau biyu, an bi shi da ɗinki ƙanana a jere, a ƙarshe an koma da allura baya sau uku. Duk rigar makarantar da ta taɓa sawa haka bakinta yake. Ba ta bukatar a gaya mata wanda ya ɗinka.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Maniru ya sunkuyar da kai. "Gammo ne."

"Gammo?"

"Likita, ki yi haƙuri. Dungulmin ne ya rame, sai ƙashi ya riƙa taɓa gindin ƙoƙon."

"Ai na gaya muku zai rame. Na ce in kun ji haka ku faɗa min in gyara."

"Kin hwaɗi. Amma munka ga bai kamata ba. Mutum ya ba ka ƙahwa kyauta, ka tashi ka yi tahiya bayan shekara ukku kana jan gindi, kuma ka koma kana mai ƙorahi? Ina kunyar take? Shi ne ran kasuwar Boɗinga na tahi wurin Malam, tunda shi mahaihinki ne, kuma irin tawa gare shi. Yac ce shi ma haka ta yi mai. Yac ce wanda tulu ya dame shi ga kai ba ya cewa a sake tulu, gammo yake yi. Shi ya ɗinka muna, mu huɗu. Bai karɓi komi ba. Yac ce dai in za ki zo mu cire, kada a tada miki hankali, aikinki shina tsakiyar gwaji, manya na kallo."

Hasiya ta durƙusa ta kama dungulmin ta juya shi wajen haske. Ga shatin zobe nan baƙi ƙirin ya kewaye ƙarshensa, naman tsakiya ya kumbura ya yi ja yana sheƙi. Fatar ba ta fashe ba tukuna. Nan take ta gane komai, ganewar kuwa ba ta yi mata daɗi ba. Gammo a kai yana da inda zai zauna, ƙashin kai mai faɗi ne, kuma ana sauke tulu a huta. A dungulmi kuwa zoben tara nauyin mutum yake yi a siririn layi, ya shaƙe hanyar jini, naman da ke cikin ramin ya kumbura ya fara mutuwa. Na'urarta tana nan daidai ƙarƙashin ramin, ba abin da ke taɓa ta, wata da watanni tana ba ta labari mai daɗi.

Ta ce, "Ba ya maka zafi?"

"Shina yi mana. In ya ishe ni sai in cire in sha iska, in ya lafa in mayar."

"Baba fa?"

"Ai Malam ya hi mu jimiri. Nashi biyu ya haɗa, kuma tun sahe har magariba bai cirewa. Yac ce shi ko zahi bai ji."

Hasiya ta saki dungulmin ta miƙe tsaye. Ba jimiri ba ne. Suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Abin da ke sa Maniru ya cire ƙafa ya huta, shi babanta ba shi da shi.

Ta hana Maniru mayar da ƙafar, ta ce gobe mota za ta zo ta kai shi Sakkwato. Sauran mutum biyun da za ta gani ta bar su. Ta ce wa direba Boɗinga. Gammon yana dunƙule a hannunta, gumi ya jiƙa shi. Addu'a guda take maimaitawa, Allah ya sa fata ce kawai.

In rana ta take a bazara, Malam Tukur kan dawo da aiki zauren gida, inda ya ajiye tsohon kekensa. Tun daga waje ta jiyo ƙararsa. Ta yi sallama ta shiga. Ƙamshin turare ya cika zauren, har yana hawa kai. Kwanan baya Goggo ta yi ta tsokanarsa wai ko aure zai ƙara ne, wannan turare haka. Yanzu da Hasiya ta tsaya ta shaƙa da kyau, sai ta ji abin da ke ƙarƙashin turaren. Ta san warin daga asibiti.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon allura. Sai ta miƙa hannu ta ajiye gammon a kan teburin keken, kusa da almakashi.

Keken ya tsaya.

Malam Tukur ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Basira." Goggo ta fito tana goge hannu a zane. Ya ce, "Ki tambayi waccan mi ya kawo ta. Yau ba ranarta ba ce."

Hasiya ta ce, "Goggo, ki ce wa Baba ina son ganin ƙafar."

"Ki ce mata bari in shiga in ciro."

"Ba ta roba ba, Goggo. Tasa."

Goggo ta riƙe haɓa. "Ke Hasiya, kanki ɗaya? Ubanki ne fa. Boko ne ya kai ki nan?"

Tsoro Hasiya take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma kunya na nan ita ma, ba inda ta tafi. Ta matsa da gwiwoyinta har gaban keken. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni." Ta kama ƙafar wandonsa ta fara naɗewa.

Bai hana ta ba. Ya juyar da fuska wajen bango, ya dafa teburin keken da hannu biyu.

Ta kwance maɗauri ta zare ƙafar. Gammo biyu ne, an haɗe su da ɗinki. A bayansu farin ƙyalle ne, wankakke, gogagge, an naɗe dungulmin da shi tsaf, ka san aikin tela ne. Ninki na farko fari ne, na biyu ya yi rawaya, na uku ya manne. Da ta ɓamɓare shi, Goggo ta ɗora hannu a ka ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Ba fata kawai ba ce. Tsakiyar ta zurma ta zama rami, gefensa baƙi, can ciki ana hango fari-farin ƙashi. Ja ya taso daga nan ya hau sama. Hasiya ta ɗora bayan hannunta tana bin zafin, tana hawa, tana hawa. Yatsa uku ya rage ya kai gwiwa.

Malam Tukur ya ce wa bango, "Bai ciwo."

"Na sani, Baba."

"Kullum ina wanke shi da ruwan gishiri."

"Tun yaushe ya fashe?"

Ya ce, "Basira, ki ce mata wata biyu ne. Na so ya warke kahin manyanta su zo gani."

Kafin la'asar suna asibiti a Sakkwato. Likitan nan ne dai wanda ya yi masa aikin farko. Ya duba, ya dubi Hasiya. Ya ciro biro ya ja layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya ce za a sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya, a kankare mataccen naman, a ga abin da Allah zai yi. In jan ya tsaya a layin ko ya ja baya, gwiwa ta tsira.

Tun daga ranar, rayuwar Hasiya ta koma kan layin biro. Kowace safiya tana tsaye a bayan likita in an buɗe bandeji. Rana ta biyu jan bai motsa ba, har ta iya cin abinci. Rana ta uku ya haura da faɗin farce, likita ya ja sabon layi. Aka sake shiga da shi aka kankare. Rana ta huɗu ya tsaya, Goggo ta ce ai ga shi nan, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi.

A tsakanin nan ta yi abin da ya wajaba. Ta tsayar da gwajin, ta sa aka kwaso sauran goma sha ɗayan aka duba su ɗaya bayan ɗaya. Huɗun nan masu gammo duk suna da shatin zobe, amma ba wanda fatarsa ta fashe, don su suna jin zafi. Ta rubuta wa shugaban sashe cewa sakamakon da suka yi murna da shi ba gaskiya ba ne, ta kuma haɗa masa fom biyar da ta sa wa alama ba tare da ta ga fata ba. Ya kira ta a waya ya ce wannan magana babba ce, sai an zauna a kanta. Ta ce a zauna. Ko a jikinta, hankalinta na ɗakin maza, gado na shida.

Ranar Litinin da safe aka buɗe bandeji. Jan ya tsallake layi na biyu ya haye kan gwiwa, gwiwar kuma ta kumbura ta yi tauri. Aka ɗauki hoto. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya likita ya kira Hasiya baranda, ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mata. Ba sai ya yi dogon bayani ba, ta iya karanta hoto. Ciwon ya bi ƙashi ya shiga gaɓar.

Ya ce, "In muka jira, ba gwiwa za mu rasa ba, shi za mu rasa. Yau za a yi, ƙarfe biyu da rabi. Sama da gwiwa."

Ta gyaɗa kai. Ta so ya zage ta, ya ce ba na ce ku riƙe min ita ba? Da ya yi, da ta ɗan ji sauƙi. Bai yi ba, ya dai tsaya tare da ita har ta iya ɗaga ƙafa.

Likitan da kansa ya gaya wa Malam Tukur, a zaune a bakin gado, cikin girmamawa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan silin. Ya rame a kwana shidan nan, gemunsa ya ƙara fari.

Ya ce, "Keke fa, likita?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Taka keke zai yi wuya."

"To." Ya lumshe ido. "Allah ya sa haka shi ne mahi alheri."

Bayan likita ya fita, ɗakin ya yi tsit, sai fankar sama da ke juyawa tana ƙara. Goggo na zaune a ƙasa tana jan carbi, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Hasiya na tsaye a ƙarshen gado.

Malam Tukur ya ce, "Basira, ki ce mata laihina ne. Na ɓata mata aiki, na cuci bayin Allah huɗu. Gyara na yi nuhi."

Hasiya ba ta jira Goggo ba. Ta ce, "A'a, Baba. Ni aka ce in duba, ban duba ba. Na sa hannu sau biyar a kan abin da ban gani ba."

"Ko kin ce za ki duba, da ban bari ba."

"Da sai in yi abin da na yi ran Talata. Ai na iya, Baba. Kunya ce ta fi min sauƙi, shi ya sa."

Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ya fita da kuka, na wanda ya san daidai ranar da ya kamata ya yi abu, da daidai abin da ya hana shi. Hannun Malam Tukur ya sauka kan zanen gado ya lalubo gwiwar, ya dafa ta ta saman bandeji, ya bar shi a nan.

Ƙarfe biyu saura aka kira azahar a masallacin asibiti. Kwana shidan nan a kwance yake sallah, da ishara. Goggo ta kawo buta da roba ta taimaka masa ya yi alwala kamar kullum, ta fara gyara masa matashi. Sai ya ture matashin.

Ya ce, "Ku sauke ni ƙasa."

Goggo ta ce, "Yaya, da wannan ƙafa? Allah ai ya yi rangwame."

"Na san ya yi. Ina son in kai goshina ƙasa da gwiwa biyu. Daga yau ba ni ƙara yi."

Nas ɗin da ke ɗakin ta zo ta ce ba a yarda ba, ga ƙarin ruwa a hannunsa, ga ciwo a buɗe. Hasiya ta ja ta gefe ta yi mata magana a hankali. Nas ɗin ta dubi tsohon, ta dubi agogo, ta tafi ta dawo da leda mai tsabta ta naɗe bandejin, ta ce minti goma.

Goggo ta shimfiɗa darduma a tsakanin gadaje biyu. Ita ba ta da ƙarfin ɗaga shi, maƙwabtan gadonsa kuwa kowa da abin da ya kwantar da shi. Hasiya ta zo ta sunkuya a gefen gadon ta ba shi kafaɗa. Ya yi jinkiri kaɗan, sannan ya ɗora hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ta tsoro. Ta sauke shi a hankali har ya zauna a kan dardumar, ta zare ledar ruwan daga jikin ƙarfe ta ɗaga ta sama don kada jini ya biyo tiyo.

Ya kabbara daga zaune. Da ya zo sujada, ya dafa ƙasa da tafi biyu, ya kai gwiwar dama, sannan ya jawo ta hagu, kumburarriyar, ya ɗora mata nauyi. A nan kam ya ji zafi. Hasiya ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya karyo masa, yatsunsa sun damƙe dardumar. Bai yi ko nishi ba. Ya kai goshi ƙasa, ya daɗe a can, har Goggo ta fara leƙa fuskarsa.

Yana raka'a ta biyu aka turo gadon tiyata, tayarsa na ƙara a baranda. Ma'aikata biyu suka tsaya a bakin ƙofa, ɗaya riƙe da fayil, ya buɗe baki zai kira suna.

Hasiya na tsaye da ledar ruwa sama da kanta, hannunta ya fara sagewa. Ta juyo ta ce musu a hankali, "Don Allah ku ɗan jira. Saura raka'a biyu."